Gidan da Ba Shi da Inuwa

Shekarar da mahaifinmu ya rasu, Inna ta zame a bakin rijiya ta faɗi. Ta fi awa biyu a ƙasa kafin wata maƙwabciya ta shigo aron turmi ta same ta. Ƙafar ba ta karye ba, targaɗe ne, amma ni tun daga ranar hankalina bai sake kwanciya ba. Ina koyarwa a cikin birnin Kano, maiɗakina ma a can take aiki, Inna kuwa tana ƙauyenmu can bayan Bunkure, inda idan damina ta yi nisa ko babur sai an tura shi.

Na ce ta dawo wurinmu. Ta ce birni ba da ita ba. Ta taɓa yin kwana uku a gidan hayarmu, ta dawo tana ba mutane labarin ɗakuna kamar akurki da maƙwabtan da ke amsa sallama da hanci. Da ƙyar muka tsaya a tsakiya: mu mu baro birni, ita ta baro ƙauye, a haɗu a Kura, ko Bunkure, ko Garun Malam, inda za mu iya zuwa aiki mu dawo.

"Amma sai na gani da idona," in ji ta. "Idan bai yi mini ba, ina nan ɗakina."

Na san Inna, ba ta faɗin magana sau biyu. Don haka na ɗauki abin da gaske, duk Asabar sai in hau mota in tafi duba gidaje, ina ɗaga waya sama a kowane lungu don in ga ko akwai sabis, dillalai suna kallona suna danne dariya.

Kura na fara zuwa, kuma ita na fara cirewa daga raina. Gari ne da ba ya yin shiru. Injinan casar shinkafa suna ruri ta kowace kusurwa, ɓuntu yana shiga wuyan riga ya yi ta ƙaiƙayi, adaidaita da babura suna kutsawa tsakanin buhuna. A tsofaffin unguwanni lunguna ne ƙanana, sai ka yi gefe mai tura kura ya wuce. A sababbin kuwa rabin hanya tamfol ne, mata sun baza shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, suna gadinta da sanda. Abin da na yaba kawai shi ne asibiti kusa, Kano ma kusa.

Garun Malam ita ce zaɓin maiɗakina. Ita 'yar birni ce, duk inda ta ga kwalta da motocin haya suna lodi sai ta ji kamar ba ta bar gida ba. Kuma gaskiyarta, ka fito ka tsaya bakin titi, kafin ka gyara hula ka sami mota. Lokacin tumatir ne, kwanduna jere, ko'ina ja, ko'ina warin wanda ya fashe. Unguwannin da ke bakin hanya suna da haske da ciniki, na ciki kuma shiru, da gidajen ƙasa masu faɗi.

Ni dai Bunkure ce ta sace mini zuciya, ba na ɓoyewa. A tsakiyar rani ka ga duniya kore shar, ruwa yana tafiya a kanal ba gaggawa, albasa nan, shinkafa can, Fulani suna gangarowa da shanu shan ruwa. Akwai sauro, wannan kowa ya sani, amma na ce ai akwai gidan sauro. A wata unguwa daf da ruwan na sami gidan da na tabbata an yi shi ne don Inna. Wata ƙatuwar darbejiya ce a tsakar gidan, ta rufe shi ruf, sanyi har cikin ɗakuna. Ina tsaye a ƙarƙashinta na hango Inna a kan tabarma da carbinta, ta huta. Shekara arba'in matar nan tana turara shinkafa, ta jiƙa, ta ɗora a wuta, ta shanya, da shi ta yi mana sutura da littattafai. Na ce lokacin zamanta a inuwa ya yi.

Ranar da na ɗauko ta a motar wani abokina, can na fara kai ta, ina ta washe baki kamar ni na shuka bishiyar. Ta shiga ta tsaya a tsakiya. Ta ɗaga kai ta dubi rassan, ta sunkuya ta kankare ƙasa da gefen takalminta. Ko ɗakunan ba ta leƙa ba.

"Rana tana sauka a nan kuwa?" ta tambayi dillalin.

Shi kuma bawan Allah ya zaci ya sami abin yabo. "Ko kaɗan, Hajiya. Tun hantsi har magariba inuwa ce."

"To, Allah ya haɗa shi da mai rabo," in ji Inna, ta juya ta nufi mota.

A Garun Malam ma ba mu daɗe ba. Gidan da muka duba mai kyau ne, har da tayil, amma katangar maƙwabci ta tsare gabas. Inna ta ce garin ba laifi, sai dai kowa ƙafarsa ɗaya a mota take.

Saura Kura, kuma ban yi niyyar nuna mata komai a can ba. Akwai dai wani gida a bayan wani injin casa da dillali ya taɓa jana na gani, na fito ina tsaki. Ɗakuna uku ne a gefe guda, sauran duk fili ne da aka shafe da siminti, ko tsiron ciyawa babu, rana tana dukansa kamar tanda. Don kada a ce mun zo a banza na kai ta.

Inna ta cire takalmanta a bakin soro. Ta taka simintin nan mai zafi da tafin ƙafa, ta tafi har bango tana ɗingishi, ta dawo, ta ratsa ta ɗaya gefen.

"Zai ci tamfol shida," ta ce.

Nan raina ya ɓaci, na kasa haɗiyewa. "Inna, hutu na ce ki zo ki yi. Da wace ƙafar za ki koma ɗaukar shinkafa?"

Ni ne ɗanta na fari, ba ta kiran sunana, ba ta ma cika kallona ido cikin ido ba. Sai ta kalli maiɗakina, wadda ta rako mu, ta ce, "Ki gaya wa mutumin nan karatu ya yi masa yawa. Nan ya yi mini."

Na yarda ne don tsoro, ba don na gamsu ba. Na san idan na ja, ƙauye za ta koma. Muka tare a Kura, ni ina ƙunƙuni, maiɗakina tana share ɓuntu sau uku a rana.

Sati na farko Inna ta sa aka kawo mata rabin duro na turara da buhun shanshera ɗaya tak. Ta turara, ta shimfiɗa tamfol ɗaya a filin da zai ci shida, ta bar ƙofar soro a buɗe. Matan unguwa da ke shanya a bakin hanya, suna fama da awaki da ƙurar motoci, suka fara leƙowa gaisuwa. Suna gaisuwa idonsu yana kan simintin. Inna ta ce wa ta farko, ai wurin ya yi mata yawa, ta kawo tata mana.

Kafin wata ya ƙare tamfol shida ne a tsakar gidanmu, biyar ba nata ba. Shanya kuwa ba a yi mata zuwa ɗaya. Za su zo da hantsi su baza, su dawo su juya da ƙafa, su sake dawowa bayan azahar, da la'asar a zo kwashewa. Tsakanin haka ana zaune a 'yar siririyar inuwar bango ana hira, Inna a tsakiya da doguwar sandarta ta korar kaji. Buhunta ɗaya ma wasu ke ɗaga mata. Mu da muke fita da sassafe mu dawo da yamma, mu ne baƙi a gidan.

Wata Laraba na dawo na tarar da ita kwance a ɗaki, mata uku a gefenta. Jiri ne ya ɗebe ta da rana tsaka tana juya shinkafa. Sun ce ko ƙasa ba ta kai ba aka tare ta, aka sa ta a adaidaita, aka kai ta asibiti aka dawo, har an yi mata kunu. Ni ina aji ban san me ake ciki ba.

Da suka fita na zauna a bakin gadon, kunya ta rufe ni. Sai a lokacin na ga abin da na kusa yi: in ɗauko ta daga gidan da ba kowa, in ajiye ta ƙarƙashin bishiya a wani gidan da ba kowa, mu ja ƙofa mu tafi Kano.

Bango ta kalla, kamar yadda ta saba. "Tsoronka kada in faɗi ba kowa kusa," ta ce. "Ni ma shi ne tsorona. Na kwanta a bakin rijiyar nan ina jin muryoyin mutane a waje, ba mai dalilin shigowa. Shi ya sa na nemi gidan da za a riƙa samun dalili."

Ta gyara kwanciya, ta ce in fita in taya su kwashewa tunda hadari ya taso, kuma in cire takalmina kafin in taka wa mutane shinkafa.