Bishiyar da Ta Wuce Sau Bakwai

A shekarata ta biyu a wata masaƙa a Challawa aka ɗauko ni daga sashen rini aka kai ni ɗakin zane, gwajin wata uku. Aikin ɗakin shi ne zana furannin atamfa da hannu, ta yadda ƙarshen zanen zai haɗu da farkonsa idan inji ya maimaita shi a kan yadi. In mahaɗar ta kauce ko da kaurin gashi ne, layi zai fito a dila guda. Ina son aikin nan kamar raina. Matsalar ita ce hannuna rawa yake, ga shi saura mako biyu wa'adina ya cika.

Shugaban ɗakin wani dattijo ne ɗan Ɗorayi, Malam kawai muke ce masa. Ba ya faɗa. Zai haska takardarka a taga ya ajiye, kai ka san sakewa za ka yi.

Wata Asabar bayan azahar kamfani ya kawo majigi ɗakin cin abinci, aka toshe tagogi da ragowar baƙin yadi. Fim ɗin na zane ne, dukkansa da hannu aka yi shi: wani maharbi da karensa suna ratsa daji da teku, neman ruwan da zai warkar da mutanen garinsu. Na zauna kusa da Malam.

Gaskiya masu zanen sun iya. Da igiyar ruwa ta taso, sai da 'yan layin gaba suka janye ƙafafu. Karen nan in ya girgiza, kunne ɗaya na riga ɗaya sauka. Launin faɗuwar rana kuwa, ni da na shekara ina dama rini ban gane yadda suka haɗa shi ba. Amma fuskokin mutanen a sandare suke, baki kaɗai ke motsi, labarin kuma ya yi ja a tsakiya har na ji minshari a bayana. Sai aka zo inda maharbin ke gudu a daji. Wata bishiya mai karyayyen reshe ta wuce, ta sake wucewa. Na ƙirga sau bakwai, kuma duk dawowarta sai ƙasa ta ɗan yi tsalle, don mahaɗar ba ta zauna ba.

Daɗi ya kama ni, irin na mai laifin da ya samu ɗan'uwa. Muna fitowa na tari Malam a wurin kekuna.

"Malam, kun ga bishiyar nan? Maimaitawa ce irin tamu, kuma mahaɗarsu ta kauce. Ashe su ma can suna kuskure."

"Sau nawa ta wuce?"

"Bakwai."

"Ni biyar na gani," in ji shi. Ya tambayi sauran 'yan ɗakinmu, babu wanda ya lura, su karen suke kallo. Ya ce in ci gaba. Baki kuwa ya buɗe, na kawo inuwar maharbin da ta ɓace a kan dutse, na kawo rigarsa da ta sauya launi a cikin jirgi. Yana ta gyaɗa kai. Na tuƙa kekena zuwa gida a Zawaciki ina ganin na gama da gwaji.

Litinin da safe ya kira ni ya ce in zauna, abin da bai taɓa yi ba.

"Ɗana, idonka ya fi nawa," ya ce. "Amma wanda ya zana bishiyar nan shi ya zana tekun. Kai ka ga kuskurensa, ko reshen ba za ka iya zanawa ba. Na yi magana da manaja, za ka koma teburin duba yadi."

Ƙarin girma ne, kowa ya taya ni murna. Na yi godiya yadda ya kamata, na wanke burushina na miƙa wa wanda ya gaje ni. Har na bar aiki ina kan teburin nan, ina kama kuskuren mutanen da nake kishin hannunsu. Ban sake zana ko ganye ba, kuma har yau abin yana yi mini ciwo.