Injin Rake a Gangaren Gulbi

Mun tashi da asuba daga Tambuwal, ana sallame salla, mu huɗu: ni da wana da maƙwabtansa biyu da suka zo taya shi. Abin da ya kawo wana garin injin rake ne, irin na ƙarfen nan da ake matse rake a dafa mazarƙwaila, wanda motar En'e, wato hukumar gargajiya, ta sauke masa a bakin kasuwa. Za mu kai shi ƙauyenmu da ke bayan Kebbe, a ƙetaren gulbi. Ni malamin elemantare ne a nan Tambuwal, an ba mu hutu, na ce bari in bi su in gaida tsohuwarmu.

Keken shanu sabon abu ne a wajenmu. Bara malamin gona ya kawo shi, wana kuma shi ya fara karɓa a ƙauyenmu, saboda yana da bijimai biyu, Fari da Ja. Jan nan tun yana maraƙi yake kiwonsa, ko ɗansa bai isa ya ɗaga masa sanda ba. Amma duk rayuwar wana da jaki ya saba, kuma yadda ake jan jaki haka yake jan keke: ya riƙe igiya ya shiga gaba, dab da hancin shanun.

Tun a bakin kasuwa na fara hango matsala. Mutum shida suka ɗora injin da ƙyar, ana ta salati. Da aka ce shanu su ja, keke ya ce bai san zancen ba, sai da muka sa kafaɗa mu duka. Yana tashi kuwa sai ya yi ta tafiya sumul. Wana ya yi dariya ya ce, “Kun gani? Tashin ne wuya.” Ni kuwa abin da aka koya mana a makarantar Midil ya faɗo mini: abin da ke tsaye ba ya motsi sai an tura shi, abin da ke tafiya ba ya tsayawa sai an tare shi, kuma gwargwadon nauyinsa gwargwadon ƙarfin da zai tare shi. Na leƙa ƙarƙashin keken, ba birki ko na magani. Ga gangaren gulbi yana jiranmu gobe, ga wana a gaba.

Na buɗe baki na rufe. Shekara goma sha biyu ya ba ni, shi ya riƙe gida tun rasuwar mahaifinmu, shi ya yi noma ni ina zaune a aji. Yaya za a yi in gyara masa tuƙin shanunsa a gaban maƙwabtansa? Na ce a raina, bari sai mun keɓe.

Hanyar ba laifi da farko, leburori sun zuba mata tsakuwa, amma da muka yi nisa sai ta koma yashi, muna tafe muna turi. Ko'ina an gama girbi, damman dawa jingine a gonaki, Fulani sun saki shanu cikin kara. A wata 'yar kasuwa muka sha fura ta kwabo, mai kauri har ludayi yana tsayawa, mai furar kuma ta tambaye mu wai ko wannan ƙarfen ne ake yaƙi da shi. Kowa ya yi dariya, ni ma na yaƙe haƙora.

Da hantsi abin ya nuna kansa. Kura ce ko dila ta gifta, ban gani ba, shanu dai suka ja turus. Keke bai tsaya ba. Ya turo karkiya har kan ƙahoninsu, tulun ruwanmu da ke bisa ya faɗo gaba ya fashe a ƙafar wana. Ya ce, “Kai, wanga tulu bai da albarka!” Tulu aka zaga. Ni na ga abin da ya faru sarai: da tozo sa yake ja, karkiya a gaban tozo take, in kaya ya turo daga baya ba abin da zai riƙe ta sai ƙaho, Jan kuwa ƙahonsa guntu ne. Nan ma na yi shiru. Wallahi har yanzu in na tuna sai in ji haushin kaina.

Mun kwana a zauren wani mai unguwa, aka kawo mana tuwon dawa da miyar kuka. Keɓewar da nake jira ba ta samu ba, ko kuwa ta samu na kauda kai, Allah dai ya sani. Washegari muka ratsa Kebbe, 'yan gari suka biyo mu kallo, wajen azahar sai ga mu a bakin gangare. Ba wani dogo ba ne, bai fi jifa biyu ba, ƙasa ja mai tauri, a ƙarshensa yashin gulbi da ɗan ruwa iya gwiwa. Wana ya naɗe igiya a hannu ya shiga gaba kamar kullum.

A nan bakina ya buɗe da kansa. Na ce, “Yaya, don Allah kada ka shiga gaba.”

Ya waiwayo. “Mi kaka gani, malam? Da wanga keke na sauka gangaren ƙetare ran da za ni Tambuwal.”

Na ce, “Fanko ne a lokacin. Yanzu in ya tashi ba mai tsaida shi, ko shanun.”

Maƙwabtan suka sunkuyar da kai. Wana ya dube ni, sannan ya koma gefe yana cewa, “To, ɗan boko ya hana.” Abin da ya kamata in ƙara shi ne a kwance injin a saukar da shi gunduwa-gunduwa, ko a ɗaura gungume a baya yana jan ƙasa. Amma na ga fuskarsa, na ga na riga na zubar masa da girma sau ɗaya, sai na haɗiye sauran. Muka ɗaura igiya a baya, mu uku muka riƙe.

Taku goma na farko lafiya. Daga nan igiya ta fara cin tafin hannuna. Muka dage, keke ya ja mu kamar an ɗaura kaji. Na ji wana yana kiran shanun, na ga sun turje da ƙafa huɗu, karkiya ta zame ta wuce kan Ja, ya durƙusa, keke ya bi ta kan ƙafarsa ta gaba, sandar keken da ke tsakanin shanun ta kafe a yashi har kusan kamu biyu. Daidai wurin nan mai riƙe igiya zai kasance da yana gaba. Inna lillahi kawai ake ta faɗi.

Fari ya tashi, Ja bai tashi ba, ƙashin ya fito waje. Wana da hannunsa ya yanka shi, bai bari kowa ya taɓa wuƙar ba. Injin kuwa ko ƙwarzane bai yi ba. Mutanen ƙauye suka zo aka kwance shi, aka ƙetare da shi a ka, abin da da an yi tun a sama da ba a zubar da jini ba.

Kwana uku na yi a gida, tsohuwa tana shafa mini man shanu a hannu, wana bai ce mini uffan ba bayan gaisuwa. Ranar komowa ya rako ni har bakin gulbi, ya tsaya yana kallon ramin da sandar ta yi. Ya ce, “Tun yaushe ka sani?”

Na ce, “Tun bakin kasuwa.”

“Kwana biyu kana bayana da abin a ciki?”

Na ce kunya ce, Yaya. Ya gyaɗa kai ya ce, “Raina ka tsirar, na gode. Amma kunyar taka ta ci mini sa.”

Na iso Tambuwal da la'asar a kan jakin wani mai gishiri, hannu biyu a naɗe. Na tafi ina ganin na san wannan karatu na motsi, ashe haddarsa kawai na yi. Keken nan a bakin kasuwa kalma ɗaya ta isa ta tsaida shi, a gangare kuwa maza uku da bijimai biyu sun kasa. Jiya aka koma makaranta, na ɗauki alli zan yi rubutu, yatsuna suka ƙi riƙewa.