Maigidan da Na Goge Sunansa Daga Zanensa

Ranar Talata, sha bakwai ga watan Maris, da hantsi, aka kira ni a waya aka ce ka cika. Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. Ina wurin gini a lokacin, ina duba ƙarafan da aka ɗaure kafin a zuba kankare. Na ce to, na mayar da wayar jaka, na ci gaba da duba ƙarafan har ƙarshen layi. Yau kwana tara ke nan, hawaye bai zo ba. Ina cin abinci, ina zuwa aiki, ina amsa gaisuwa, kamar wata ce ke yi a madadina.

Shekara bakwai na yi a ofishinka na zanen gine-gine. A gabanka Baba muke ce maka, a bayan idonka kuwa Jan Biro, domin babu zanen da ke fita daga ofishin bai sha gyara da jan bironka ba. Kana da keken guragu a bayan ƙofa, duk wanda ya zana gini sai ya hau shi ya bi ta ƙofofin kafin a miƙa makulli. In ruwa ya sauko, ka kan tura mu mu tsaya ƙarƙashin rufin da muka zana, kana cewa takarda ba ta yoyo, kwano ne ke yi.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami daban ne, kuma ban taɓa faɗa wa kowa ba, har mijina.

A shekarata ta bakwai na nemi aiki a wani babban kamfani. Suka ce in turo kundin ayyukana, wato zane-zane da hotunan gine-ginen da na yi. Na kwashi ayyuka goma sha ɗaya na ofishinka ban tambaye ka ba. Na goge sunanka da hatimin ofis daga kusurwar kowace takarda, na sa nawa. A ciki har da asibitin haihuwa wanda kai ka zana shi tun daga tushe, da gidan wani mutum da ya sharɗanta kada a nuna wa kowa tsarin gidansa. Ban san shugaban kamfanin abokin karatunka ba ne. Yana ganin yadda aka ɗaga tagogin asibitin ya gane hannunka, ya kira ka.

Abokin haɗin gwiwarka a ofishin ya ce a kore ni, a kai ƙarata ƙungiyar masu zane a karɓe mini lasisi. Gaskiya ce da shi, ni ma na sani. Kai kuwa ka kira ni ofishinka, ka tura ƙofa, ka ajiye kundin a tsakaninmu. Na zaci faɗa za ka yi. Sai ka buɗe shafin farko ka tambaye ni abin da hannuna ya yi a wannan ginin. Na ce matakala da banɗakuna. Ka rubuta haka a ƙasan hoton, ka ƙara sunan ofis da sunayen sauran da suka yi aikin. Haka muka bi su ɗaya bayan ɗaya. Da muka zo kan gidan mutumin nan, ka cire shafukan ka sa a aljihun tebur, ka ce ɗakin kwanan mutane ba talla ba ne.

Daga nan ka tambaye ni ina ƙaramar makarantar nan mai aji huɗu da baranda, wadda ni kaɗai na zana na kuma tsaya a kanta har aka gama. Na ce na ga ta yi ƙanƙanta, shi ya sa ban sa ta ba.

Ka ɗago ka dube ni ka ce, "'Yata, kin ajiye ɗanki a gida don kunya, kin goyo na maƙwabta. Ranar da ya yi kuka, ba ki san me zai sa ya yi shiru ba."

Wancan kamfanin bai ɗauke ni ba, domin ka ƙi yi musu ƙarya a kaina. Amma ka hana a kai ƙarar, ka bar ni a teburina wata takwas, ba ka sake ɗaga maganar ba ko a fuska. Da wani kamfanin ya ɗauke ni da siririn kundin nan mai makaranta a shafin farko, kai ka rubuta musu takardar shaida da hannunka. Ranar da zan tafi na yi maka godiya. Haƙuri ne ban ba ka ba. Kullum sai in ce zan zo gida in zauna in faɗa da bakina, kullum sai aiki ya sha gaba. Haka har shekara uku.

Shekaranjiya na je ofishin. Abokin haɗin gwiwarka ya nuna mini zanen wani ɗakin karatu da ka bari a tebur, ka gama hawa na ƙasa, na sama layuka ne kawai na fensir. Ya tambaya ko zan ƙarasa. Na ce zan yi, amma sunanka ne zai zauna a kusurwa, nawa a ƙasa da ƙananan baƙaƙe, a rubuta cewa ƙarasawa na yi. Ya gyaɗa kai.

Ka yafe mini, Baba, ko da yake na san tun a ranar ka yafe.

Allah Ya jiƙan ka, Ya rufa maka asiri kamar yadda ka rufa mini, Ya yalwata makwancinka, Ya sa Aljanna ce gidanka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Mama mai ɗakinka, da 'ya'yanka biyar, da jikokinka, da duk wanda ya taɓa karɓar takardarsa daga hannunka ta yi jajir. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya kyautata namu ƙarshen.