Bango Mai Fita da Buhun Shinkafa

Matata ta yi shekara biyu da shanyewar ɓarin jiki na hagu lokacin da ta ce tana son ziyarar Madina. A unguwar Bagdadiyya ta Jidda muke zaune a lokacin, ni kuma ina ɗinkin kujerun mota a garejin kafilina, Balaraben da ya tsaya min a kan takardun zama. Ba da kuka ta faɗa ba. Ina ba ta koko da cokali ta ce, “Malam, ina so in je in yi wa Manzon Allah sallama kafin ɗaya ɓarin ma ya tafi.” Na ce in sha Allahu. Ta ce ta san in sha Allahu na iri biyu ne, wannan wanne ne? Na ce mata na gaske ne.

Faɗar ta fi aikatawa sauƙi. Ba ta iya zama a kujera ta daɗe, ga ciwon sukari da ke sa ta neman bayi a kai a kai. Bas ba za ta yiwu ba, tasi ma haka. Da na kai wa kafilina maganar, dattijo ne mai kirki, sai ya tuna da wasu motoci biyu da ya ajiye a wani fili can wajen tashar jiragen ruwa. Irin motocin nan ne masu ɗaki a ciki, da gado da bayi da wurin girki, waɗanda Larabawa ke kira karafan. Da su yake fita daji da iyalinsa lokacin sanyi. Ya ce, “Je ka duba, ka ɗauki wadda ta yi maka. Halas, shi ke nan.”

Na tafi da makanikin garejinmu, wanda shi zai tuƙa mu. Bazazzage ne, ni kuma Bakano, don haka ba ma rabuwa da tsiya. Ƙaramar motar tsohuwa ce, ba ta da wani abin mamaki: hanya ɗaya miƙaƙƙiya daga ƙofa har gado. Babbar kuwa tana da abin da ban taɓa gani ba. Makanikin ya danna wani maɓalli, sai na ji ƙugi, bangon gefe ɗaya ya fara tafiya waje da kujerarsa da tagarsa, kamar ana jawo aljihun tebur. Kafin in gama salati, tsakiyar motar ta koma falo.

Ya ce, “Rufe bakinka, Bakano, kada ƙuda ya shiga. A Kano ko a mafarki akwai ɗakin da ke kumbura?”

Na ce, “A Zariya ma ai sai dai ɗaki ya rushe, shi ne fitar bangonku.”

Shi a wurinsa magana ta ƙare, babbar za mu ɗauka. Ni kuwa ba na yanke abu a tsaye. Na koma gida na naɗe takarda gida biyu, na ɗauki alƙalami, da yake da ajami hannuna ya saba, na rubuta amfani a dama, illa a hagu. Kwana huɗu ina zuwa filin nan bayan la'asar ina ƙara layi.

A dama na fara da dadduma. Na shimfiɗa ta a babbar motar da bangon a buɗe, na ga huɗu ma za su shiga, kuma duk yadda aka tsayar da motar ana iya fuskantar alƙibla. A ƙaramar, dadduma ɗaya ce ke shiga, ita ma sai a tsaye, wato sai an juya motar dungurungum ta kalli alƙibla. Tun da ciwon ya same ta, matata ba ta ƙara bin jam'i ba, kuma na san abin yana damunta. Sannan 'yarmu, wadda ita ke yi mata wanka da sauya kaya, za ta samu wurin juyawa.

Hagun takardar kuwa ya fi cika. Robar da ke bakin bangon ta fara tsagewa, ƙura da zafi za su shigo. Motar ta fi nauyi, ta fi shan mai. Bangon ba ya fita sai a wuri mai lebur, kuma sai babu wata mota a gefe. Da na tambayi makanikin abin da zai faru idan injin bangon ya ƙi aiki alhali yana waje, sai ya sosa ƙeya ya ce ba inda za mu. Amma akwai wani ƙarfe a ƙarƙashin kujera da ake murzawa da hannu a mayar da shi, in ji shi, in mutum yana da ƙashin bayan yin haka.

Babbar illar ban gano ta ba sai rana ta uku, da na ce ya rufe bangon ina ciki. Kujerar ta dawo ta cinye falon, ta bar wani siririn lungu tsakanin gado da bayi, iyakar faɗin kafaɗuna. A haka motar za ta kasance duk tsawon tafiya. Idan bukata ta taso wa matata a inda ba fili, ta ina zan bi da ita?

Washegari na biya kasuwar Bab Makka na ɗauko babban buhun shinkafa, wanda na kintata ya kai nauyinta. Na rungume shi a hannu biyu yadda nake ɗaukar ta a gida, na doshi lungun. Ya ƙi shiga. Na karkace, gwiwar hannuna ta bugi kabad. Na saɓa shi a kafaɗa, ya daki rufi. Makanikin yana zaune a bakin ƙofa yana dariya har da hawaye.

“Hajiya shinkafa, yi haƙuri, mijinki Bakano ne!”

A ƙaramar motar na wuce da buhun ba tare da ya taɓa komai ba. Na zauna a kan gadon ina haki, na ja layi a ƙarƙashin takardata. Ƙaramar za mu ɗauka, jam'i kuma sai a haƙura.

Da na gaya wa matata, ba ta bi ta kan hukuncin ba. Buhun ta tsaya a kai.

“Wato ni ce shinkafar?”

“Awo ne kawai, Hajiya.”

“Kun tambayi shinkafar yadda take so a ɗauke ta? Gobe ku kai ni in gani da idona.”

Muka kai ta a kujerarta mai taya, ni da 'yarmu. Na shigar da ita babbar motar da bangon a buɗe, na kwantar da ita a gado. Ta daɗe tana kallon falon. Sannan ta ce a rufe. Da lungun ya bayyana, ta dube shi, ta dube ni, ta ce wa 'yarmu ta kwance zanen da ta rufa mata a ƙafa.

“Juyo da bayanka, Malam. Goya ni za ka yi.”

Na yi tsaye. A garinmu ban taɓa ganin namiji da goyo ba, balle mai furfura, balle goyon matarsa, ga Bazazzage a bakin ƙofa, ga maigadin filin yana leƙe. 'Yarmu, wadda haihuwar Jidda ce, Hausarta ba ta fita sai da Larabci, ta ce, “Yalla ya Baba, ma fi aibu, ba abin kunya ba ne, durƙusa mana.”

Matata ta ce, “'Ya'yanka shida na goya, ina daka ina girki, ban taɓa maƙalewa a ƙofa ba. Kai ɗaya tak aka ce ka goya.”

Na yi bisimilla na durƙusa. 'Yarmu ta ɗora min ita, ta tattaro ƙafar da ba ta motsi ta manna a jikina, ta ja zanen ta ɗaure a ƙirjina, matata tana gyara mata: a sa na sama ya bi ta ƙarƙashin hammata, a soke na ƙasa da kyau. Na miƙe. Hannuwana biyu a sake, na dafa kabad na dafa kujera, na bi lungun har ƙofar bayi, na dawo. Ko gefen zanen bai goga ba.

Na jira tsiyar makanikin. Ya juya baya yana duba tayar da ba abin da ya same ta.

A ranar na sake buɗe takardata. Illar lungu na soke ta. Robar bango na ɗinka mata fata da hannuna, ai sana'ata ce. Saura ƙarfen murzawa. Kwana uku ina zuwa ina fitar da bangon da maɓalli ina mayar da shi da hannu, har na san adadin numfashin da yake ci. A gida kuma kullum sai na yi goyo daga ɗaki zuwa tsakar gida, don bayana ya saba.

A babbar motar muka tashi bayan asuba. Sau uku muka tsaya a kafaɗar hanya inda manyan motoci ke wucewa dab da mu, ba halin buɗe bango, sau ukun kuma zane ya yi aikinsa. Da azahar muka samu fili kusa da wani gidan mai, muka buɗe. Na shiga gaba, makanikin a damana, 'yarmu a baya, matata a jingine da matashi kusa da ita. Da na yi kabbara na ji muryar matata a bayana, can ƙasa-ƙasa, sai da na dakata kafin in iya fara Fatiha.

Da muka idar aka danna maɓalli, injin ya yi ƙugi ya yi shiru. Bangon yana waje. Makanikin ya ce, “To, Bakano, ga abin da ka rubuta a hagu ya zo gaishe ka.” Na cire riga, na ɗaga kujera, na kama ƙarfen. Rana tana tsaka, gumi yana shiga idona, bangon yana matsowa kamar ba ya so. Makanikin ya nemi ya karɓe ni na ce a'a. Sai da na ji bangon ya zauna daram a mazauninsa na saki.

Mun shiga Madina da sauran rana. Inda muka samu wurin tsayawa motoci sun matse mu hagu da dama, don haka a goye na sauko da matata, a gaban jama'a, ban kuma dubi kowa ba. Kafin in ajiye ta a kujerarta 'yarmu ta tura ta ƙofar mata ta masallacin, matata ta matso da bakinta kusa da kunnena.

“Malam, ni da buhun wa ya fi nauyi?”

Na ce buhun. Ta ce in sauke ta, kada in yi ƙarya a garin Manzo.