Outi da Akwatunan Ganye

Outi Karvonen ta zo ofishinmu na zane da kwamfuta a birnin Tampere a zamanin da kwamfuta ke cinye rabin tebur. Ɗiyar kafinta ce, ta karanta lissafi, ba ta da yawan magana sai an taɓo aikinta. Mu uku ne: ni, ita, da Reijo, wanda ya fi mu shekaru, ya kuma fi mu baki.

Wani kamfanin takarda ya nemi mu zana masa bishiyar koivu don talla. Tsarin zanen da muka rubuta wa kwamfuta zaren haske yake harbawa daga idon mai kallo, kowane zare ya bi ganyen ɗaya bayan ɗaya yana duba ko ya buge shi. Ganye dubbai, zare kuwa ba iyaka. Abin kan ɗauki sa'o'i, sai mu tayar da aikin, mu koma kicin mu yi ta shan kofi da burodin pulla. A nan Reijo ya koya mana karta, a nan Outi ta saki jiki da mu.

Da kamfanin ya fara matsa mana, Reijo ya ce, a lissafin kwamfutar, a rufe kowane reshe cikin ƙwallo. Zaren da bai taɓi ƙwallon ba, ba ruwansa da ganyen ciki.

Outi ta ce, "Reshe dogo ne, Reijo. Ƙwallonka duk iska ce. Sa shi a akwati."

"Ƙwallo ya fi saurin gwadawa, 'yar kafinta. Ke komai akwati!"

"Kai kuma komai sai ya yi kama da tumbinka."

Kowa ya rubuta nasa. Outi ta sa ganye a ƙananan akwatuna, ƙananan cikin manya, bishiyar duka cikin guda. Hotonta ya fito na Reijo bai kai rabi ba. Ya daɗe yana kallon allon, sannan ya ce, "Madalla. Kin kashe mana karta."

Haka kuwa aka yi. Aiki ya yi sauri, masu ba mu aiki suka ƙaru, kicin ya koma wurin tsayawa a wuce. Bayan wasu shekaru ofishin ya rufe. Outi ta koma Oulu koyarwa, Reijo ya rasu.

Yanzu Outi ta yi ritaya. Tana huda ƙanƙarar tafki tana kamun kifi, duk Kirsimeti kuma ta kira ni ta yi min ƙorafin gwiwoyinta.