Takardar Sakin Alhassan

Cikin duk shekarun da na yi ina aikin kotu, akwai ranar da ba ta taɓa fita raina ba: wata Talata ce a tsakiyar damina, da masu bincike suka zo mana daga Yamai. Na yi aiki a Madawa, na yi a Buza, na yi a Keita, amma ba zan faɗi kotun da abin ya faru ba, don wasu da ya shafa suna bakin aiki har yanzu. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan, na fi so ku ji shi daga bakina.

A lokacin ni ne girefiye, wato magatakardan alƙali mai bincike. Ga wanda bai san tsarin ba, in aka kama mutum da babban zargi, ana ajiye shi a gidan kaso kafin alƙali ya gama bincike. In alƙali ya ga babu dalilin ci gaba da tsare shi, sai ya sa hannu a takardar saki. Amma sa hannun kaɗai ba ya buɗe ƙofa. Sai girefiye ya shigar da takardar cikin rajista, ya kai wa mai gabatar da ƙara ya gani, sannan a miƙa ta ga shugaban gidan kaso. In ta tsaya a teburina, to mutum ya tsaya ke nan.

Akwai wani manomi mai ƴan shanu, sunansa Alhassan, daga wani ƙauye na cikin duwatsu. An yi faɗa a bakin rijiya wajen shayar da dabbobi, aka fasa wa wani kai, jandarma suka kwaso mutum uku har da shi. Da aka saurari shaidu, sai ta bayyana rabon faɗa ya je yi. Alƙalinmu, matashi ne mai son aikinsa, ya sa aka kawo shi, ya ce masa a gabana: "Ka kwantar da hankalinka, da hannunka za ka yi shuka bana."

Ranar Alhamis dab da tashi ya sa hannu. Na saka takardar cikin dosiyen, wato fayil ɗin shari'ar, da niyyar in yi rajista da safe. Da safen aka kawo mana wata shari'ar mai mutum bakwai, ni kaɗai kuma nake biro, wato ofishinmu, tun da aka canza wa abokin aikina wuri. Bayan kwana biyu, wajen rage tarin da ke kan tebur, na ga an rubuta "an kammala" a bangon dosiyen, sai na jefa shi cikin kabad tare da waɗanda aka gama.

Daga nan wani tsoho ya fara zuwa duk ranar kasuwa. Malam Idi sunansa, mahaifin Alhassan. Yakan cire takalmi tun daga bakin ƙofa, ya gaishe ni har da tambayar iyali, sannan ya ce: "Ɗana, mi al labarin takardar Alhassan?"

Cikin mutum bakwai ɗin nan akwai wani Alhassan ɗin. Na ɗauka shi yake nufi, ban kuma tambaya ba. Ko kai ba na ɗagowa sosai nake cewa: "Baba, ana kan aiki. Ka dawo mako mai zuwa."

"To, Allah shi taimake ku," in ji shi, ya sa takalminsa ya tafi. Sau shida muka yi haka da shi.

Shugabar masu binciken da suka zo daga Yamai dattijuwa ce, tsohuwar alƙaliya. Mun kwana biyu muna share biro muna jera rajistoci, amma ba ta fara da mu ba. Gidan kaso ta wuce, ta zauna a kan benci, ta sa aka riƙa kawo mata masu jiran shari'a ɗaya bayan ɗaya. A nan Alhassan ya gaya mata abin da alƙali ya faɗa masa tun kafin ruwan farko.

Wajen ƙarfe goma sha biyu ta shigo wurina, ta nemi dosiyen. Na duba tebur, babu. Da na buɗe kabad na zaro shi, takardar ce ta fara faɗowa, da sa hannu da hatimi, ko lanƙwasa ba ta yi ba. Kwana arba'in da bakwai ke nan tana ciki. Ta karanta, ta ajiye, ta ce za ta je ta yi azahar, in ta dawo in nuna mata rajista.

Tana fita wani abokin aiki daga biro na kusa ya leƙo. Ya ce a hankali: "Rajista na hannunka. Ka nemi layin da babu komai ka cike da kwanan wancan watan, ka ce ka aika. Su can gidan kaso su san yadda za su yi."

Ba zan ɓoye muku ba, na buɗe rajistar, kuma akwai layin. Na daɗe ina kallonsa. Abin da ya tsayar da ni, na san shugaban gidan kason, saura masa ƴan watanni ya yi ritaya, kuma a kansa abin zai faɗa. Na rufe na ajiye.

Da ta dawo ta tara mu ni da alƙali. Na ce: "Madam, takardar ba ta fita daga hannuna ba. Ni na manta da ita." Na so in kawo maganar ƙarancin ma'aikata, ta ce wannan ta gani, kuma za ta rubuta shi, amma a wani shafi dabam. Sai ta juya ga alƙali: "Mai shari'a, yaushe rabonka da gidan kaso?"

Doka ta ɗora wa alƙali mai bincike ya riƙa zagaya waɗanda ya tsare. Yana iya fakewa da ni, tunda na riga na amsa laifi. Amma ya ce: "Wata biyu ke nan, Madam. Da na je, da na gan shi. A rubuta nawa tare da nasa."

Ta ce kafin a rubuta komai, a fara fid da mutumin. Ni na yi rajistar, na kai aka gani, na ɗauki takardar da ƙafata zuwa gidan kaso. Da yake ranar kasuwa ce, Malam Idi yana gari, aka nemo shi.

Alhassan ya fito ya rame, yana riƙe da ƴar ledar kayansa. Ya dubi takardar da ke hannuna, ya ce: "Malam, yaushe anka sa mata hannu?" Na faɗa masa. Ya yi lissafi da yatsu, sannan ya ce: "Ran nan ko ruwan shuka ba a yi ba." A hanyar da muka biyo, gero ya kai gwiwa a gonakin mutane. Tasa gonar, rabi kawai tsohon ya iya shukawa.

Na durƙusa gaban Malam Idi na gaya masa gaskiya, na roƙi gafara. Bai yi faɗa ba. Cewa ya yi: "Na yahe maka, ɗana. Amma da ka ce mini ba ka duba ba, ai da na zamna har ka duba. Ni cewa nike ka duba."

Hukunci ya bi tsarinsa. Aka ba ni takardar neman bayani, na amsa a rubuce. Bayan wasu watanni na tsaya gaban majalisar ladabtarwa, aka dakatar da ni na wani lokaci, aka kuma jinkirta mini ƙarin girma. Alƙali, da yake su tasu majalisar dabam ce, an rubuta masa gargaɗi a dosiyensa, daga baya aka canza masa wurin aiki. An turo mana girefiye na biyu kafin shekara ta ƙare. Wasu sun ce an tsananta mini. Ni ban ɗaukaka ƙara ba. Dakatarwata a gida na yi ta, cikin iyalina.

Abin da na koya shi ne, a aikin nan ba mai hayaniya ne abin tsoro ba. Mai hayaniya da mai lauya, su za su tuna maka da dosiyensu. Mutanenmu na ƙauye kuwa suna zuwa da ladabi, ka faɗa musu magana su ɗauke ta gaskiya su koma da ita gida, tafiyar rabin yini. In irin wannan ya tsaya gaban teburinka, ka tambaye shi sunan mai shari'ar da na mahaifinsa da ƙauyensu. Ka tashi ka buɗe kabad yana kallo. In kuwa ba ka duba ba, ka ce masa ba ka duba ba.