Kanumfarin Bakin Zane

Ranar mu biyar ne a tsakar gidan: ni, da ɗana, da matarsa, da jikata mai shekara goma sha huɗu, sai maƙwabciyarmu, wata nas 'yar Filato. Na shida karenta ne, amma ni ban saba lissafa kare cikin mutane ba.

Gidan a unguwar Fereej Abdel Aziz yake, mu a sama, ita a ƙasa. Tun da na zo Doha wurin ɗana nake kallon matar nan da karenta ta taga. Ba ya gadi, ba ya farauta. Wai wasa ne: a ɓoye ɗan gwangwani mai ƙamshi a cikin kwali, kare ya bi hanci ya nemo, a ba shi guntun nama. Har gasa suke yi da Turawa. Jikata ta maƙale wa abin, kullum bayan la'asar tana ƙasa tana jera kwalaye. Na ce ta bari. Yarinya mai salla ba ta yawo da yawun kare a hijabi. Ta yi kuka, ban kula ba.

Ubanta ne ya ce, "Hajiya, ki sauko ki gani da idonki, sannan ki yanke."

Na ce to, amma da sharaɗi. In hancinsa ya taɓa ko da gefen zanena ne, magana ta ƙare, ba za ta ƙara sauka ba.

Lokacin sanyi ne, ana iya zama a waje. Aka ajiye mini kujerar roba can jikin bango. Jikata ta jera kwalaye, nas ta sa gwangwanin a ɗaya, ta kwance igiya ta ce, "Yalla, nemo!"

Ya shinshina kwalin farko, ya wuce na gaba. Sai ya ɗaga kai, ya juyo, ya miƙo kaina. Surukata ta yi salati. Jikata ta ɗora hannu a ka. Ni kuwa ban motsa ba, don ba zan yi gudun kare a gaban suruka ba. Ya zo dab da ƙafata ya tsaya, ya zauna, ya kafe ƙuguna da ido.

Nas ta kira shi, ta mayar da shi bakin kwalaye. Ya sake dawowa ya zauna a wurin nan dai. Na ga zufa ta karyo mata.

"Mama, ki yi haƙuri, bai taɓa yin haka ba."

"Ke kika ce ya ƙware. Ƙwarewar ke nan?"

Ta durƙusa kusa da ni za ta ɗaura masa igiyarsa, sai na ga ita ma tana buɗa hanci.

"Mama, don Allah mene ne ƙulle a bakin zanenki?"

"Ina ruwanki da bakin zanena?"

"Ba kanumfari ba ne?"

Shi ne. Ina da haƙorin da ke damuna, tun daga gida ba na rabuwa da ƙullin kanumfari, in ya motsa in danna ɗaya a kai. Matar nan ta zauna daɓas a kan siminti tana dariya.

"Ai shi muke ɓoye masa, Mama! Na cikin kwalin ɗigon mai ne a auduga. Naki kuwa ƙulli guda."

Jikata ta ce, "Tsohuwa, ashe ke ce kwalin!"

Na ce, "Ja can, marar kunya. Karen ya fi ki ladabi."

Ba wasa na yi ba. Duk zaman nan idona na kan bakinsa. Harshe a waje, yawu na ɗiga a siminti, amma ko sau ɗaya bai miƙo wuya ba. Na tambayi nas dalili. Ta ce haka ta hore shi: in ya samo ya zauna ya duba, ba ya sa baki, ba ya tono.

Ɗana ya ce, "To Hajiya, yaya?"

Jikata ta daina dariyar, ta zuba mini ido. Na ce sharaɗina taɓawa ce, bai kuwa taɓa ba, ni kuma ba na janye magana. Na ce ta ci gaba da sauka. Amma ta ware riga ɗaya ta wasan kare, ta wanke hannu kafin ta taɓa mini kwano, shi kuma karen ƙafarsa kada ta hau bene. Nas ta ce, "Khalas, shi ke nan, Mama, an ji."

Washegari da na idar da asuba, gari ya fara haske, na kwance ƙullin na ɗebi kanumfari kaɗan, na sauka tsakar gida. Akwai wata tsaga a bango bayan tankin ruwa, na tura su ciki da tsinke. Da na hawo na tashi jikata ta yi shirin makaranta, na ce in ta dawo ta faɗa wa nas kwali ya yi masa sauƙi, na ɓoye masa nawa. Ta ce a ina? Na ce ta tambayi karen.